Rabin Idon Rago

Jama'a, duk wanda ya ce siyasa daban soyayya daban, ya zo gidanmu in dafa masa shayi in ba shi labari. Ni Begimai da ko labaran talabijin ba na tsayawa kallo, yau ga shi zaɓen shugaban ƙasa ya shigo har cikin maganar aurena ya zauna ya miƙe ƙafa. Ku bi ni a hankali, don ni mai ba da labarin ma kaina a ɗaure yake.

Tilek dai likitan dabbobi ne. Bara ya hawo ƙauyenmu daga garin Narin don ya yi wa tumakin Ata, mahaifina, allura, ya koma da lambar wayata. Har yau ban san wanda ya ba shi ba, ko da yake ina zargin Jenge Saikal, matar marigayi yayana Kubat, don duk lokacin da na tambaye ta sai ta hau tari. Dogo ne, ba shi da yawan magana, in zai yi dariya sai ya kare bakinsa da hannu. Ata ya riga ni son shi. Ya ce yaron da zai durƙusa cikin kashin tumaki da wando mai tsada bai ko yamutsa fuska ba, ɗan halak ne.

Sai daga baya muka ji ko ɗan waye. Ashe ɗan Saginbek ne, wanda ya fi shekara ashirin yana wakiltar yankinmu a majalisa, mai katafaren gida a Bishkek, babban birninmu. Ranar da Ata ya ji sunan sai ya ajiye kofin shayinsa, ya ce ɗa daban, uba daban. Ni kuwa don wauta na ɗauka nauyin talaka ne gaban mai kuɗi, har na yi ta lallashinsa ina cewa ai mutanen kirki ne.

To ga inda gizo ke saƙar. Shugaban ƙasarmu kowa Direba yake ce masa. Da can babbar motar kwal yake ja, manyan 'yan siyasa suka laƙaba masa sunan don su ƙasƙantar da shi, shi kuma ya ɗauka ya sa aka buga a jikin huluna. Bakinsa ba linzami. Zai tsayar da minista a gaban talabijin ya kira shi ɓarawo, ya sa shi ya maimaita da bakinsa. Ya rufe jaridu, ya ɗaure mutane, wasu da laifinsu, wasu Allah kaɗai ya san abin da suka yi. Yanzu yana neman wa'adi na biyu, tsofaffin 'yan siyasa duk sun haɗa kai sun tsayar da mutum ɗaya don su kayar da shi, kuma Saginbek ne uban tafiyar a yankinmu. Ata kuwa hoton Direba ne rataye a ɗakin baƙinmu, daidai saman wurin da babban baƙo ke zama.

A cikin wannan hali aka sa ranar da iyayen Tilek za su zo saka mini 'yan kunne, Asabar ɗin da zaɓe ya rage mako guda. Kun san in uwar miji ta saka wa yarinya 'yan kunne da hannunta, magana ta ƙare, sai jiran biki. In kuwa suka koma da su a jaka, to ita ma maganar ta ƙare, ta ɗaya hanyar.

Tun ranar Alhamis Apa, mahaifiyata, ta fara yaƙi da hoton.

"Baban Kubat, sauke mutumin nan."

"Me ya tsare miki?"

"A ƙarƙashinsa fa surukinka zai zauna."

"To ai daidai ke nan. Su ma su ɗanɗana zaman ƙasa."

Apa ta ce in bai sauke ba ita za ta sauke ta kai shi garke ya yi wa tumaki jawabi. Ata ya ce duk hannun da ya taɓa hoton, mai shi ne zai yanka ragon baƙin ya feɗe. Daga ƙarshe Apa ta buɗe akwati ta ciro ƙyallen bango na aurenta, baƙin karammiski mai ɗinkin jajayen furanni, ta rataya a kai. Hoton ya ɓace, amma kusurwoyinsa huɗu suna nan sun turo ƙyallen, makaho ne kawai ba zai san da wani abu a baya ba.

Ranar Juma'a muna suyar borsok, wato fanken ƙasarmu, ni da Jenge, ita tana yanka kwaɓin fulawar ni ina tsamewa, na ce mata don Allah ta fahimtar da ni, me suke gani a jikin mutumin nan mai zagin mutane kamar ɗan tasha? Ta ce ai zagin ne abin so. Ta ce shekara nawa Kubat ya yi yana ɗaukar siminti a Mosko, yana aiko da abin da ake ci a gidan nan, masu manyan riguna suna hawa talabijin suna kiran su 'yan ci-rani kamar wata cuta. Direba ne ya fara cewa masu share titunan Mosko su ke ciyar da ƙasar nan, ministoci kuma su ke cinye ta.

Na ce, "To Jenge, ya dawo da su gida ne?"

"Bai dawo da kowa ba."

"To me ya canza?"

Ta jefa kwaɓi cikin mai da ƙarfi har ya fallatso mini a hannu. "Ke yarinya ce. Wani lokacin a faɗi sunanka ma abinci ne."

Apa da ke gefe tana tsintar shinkafa ta ce ita kam ba ta son mutumin da ke ɗaga wa tsofaffi murya, ko ɓarayi ne, don gobe naka tsohon zai ɗaga wa. Na ce to ke nan ba shi za ta zaɓa ba. Ta ce waye ya faɗa mini? Wai su waɗancan masu ladabin ta zaɓe su har gashinta ya yi fari, duk zaɓe buhun fulawa da ganyen shayi, gadar ƙauye kuwa har yau katako ce. Na ce to shi za ta zaɓa ke nan. Ta ce in bar ta da shinkafarta. Kun ji fa, gida ɗaya, mutum uku, ban samu amsar da zan riƙe ba.

Da la'asar ina bakin rafi ina wanke kayan ciki, yatsuna sun ƙage don sanyi, saƙo ya shigo wayata. Tilek ne.

"Ya shiri, amaryar likita?"

"Amaryar hanji dai. Tilek, ina jin tsoro. Ata da Babanka."

"Na roƙi Baba kada ya yi maganar zaɓe. Ya yi alkawari."

"Alkawarin ɗan siyasa?"

Ya turo fuskar dariya. Can kuma na ga yana rubutu yana gogewa, yana rubutu yana gogewa, har na gama wanke tumbi. Sai ga shi: "In gaya miki wani abu, ki rantse ba za ki faɗa ba. Wancan zaɓen, Direba na zaɓa."

Saura kaɗan wayar ta bi ruwa. Na ce masa ya daina wasa da hankalina. Ya ce wallahi. Wai tun yana yaro bai taɓa shiga layi ba, bai taɓa sanin ko shi ya ci jarrabawa ko sunan ubansa ne ya ci ba, kuma ya gaji da ganin dattawa sa'annin kakansa suna cire hula suna rusuna wa motarsu. Ya so ya ga ranar da wani zai ce wa Babansa a'a. Na ce to bana fa? Ya ce bana ɗan gwaggonsa na gidan yari saboda rubutun da ya yi a kan wata kwangila, ko kotu ba a kai shi ba, don haka bai san inda zai sa kansa ba. Na zauna a kan dutse da hanji a hannu ina kallon ruwa. Oh ni Begimai, ɗan Saginbek ma ke nan.

Asabar ta zo. Na saka doguwar riga ruwan madara mai tattara a wuya da hannu, na ɗora 'yar shara ta koren karammiski da Jenge ta yi wa ɗinkin zare ruwan zinare, ta raba mini gashi gida biyu ta kitse, ta cire tsofaffin 'yan kunnena na azurfa ta ce kunne ya huta kafin babban baƙo. Dusar ƙanƙara ta riga ta sauka a kan duwatsu, amma tsakar gida rana ce tas. Da hantsi motoci baƙaƙe suka jero, yaran ƙauye na bin su a guje.

In gaya muku gaskiya, bayan abin da Tilek ya faɗa mini na shirya ƙin Saginbek, amma ban samu ta inda zan kama ba. Gajere ne mai faffaɗar fuska, da doguwar farar hula, muryarsa a ƙasa. Ya cire takalmi da kansa, ya gaida tsofaffi ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, ya tambayi Apa lafiyar gwiwarta. Tun daga ƙofa ya kira Ata da Kuda, wato tun ba a saka 'yan kunne ba ya riga ya mai da shi suruki. Matarsa Burul, doguwa mai haƙorin zinare, ta rungume ni ta shinshina goshina, ta buɗe jaka ta ɗan nuna mini jan akwatin ta mayar, tana kashe mini ido.

Aka zaunar da su a wurin manya a gaban shimfiɗar abinci, Saginbek daidai ƙarƙashin ƙyallen Apa. Ni ina bakin ƙofa a durƙushe ina zuba shayi, rabin kofi rabin kofi, ina miƙawa da hannun dama kaina a ƙasa. Shimfiɗar ta cika, borsok a warwatse, kirim, zuma, dafaffun 'ya'yan rasberi da sukari, busassun 'ya'yan itace, alewa har ba wurin ajiye kofi. Tilek yana waje da samari, don ango ba ya zama cikin manya, amma duk ɗagowar da zan yi sai na ga inuwarsa ta gifta ta taga. Aka yi hirar farashin ciyawa, aka yi ta kyarkeci da ya addabi garken maƙwabta, aka yi ta sanyin bana. Ba wanda ya ambaci zaɓe. Ata ma har da dariya sau ɗaya. Na ce a raina Alhamdulillahi, ashe tsorona ne kawai.

Sai aka zagaya da ruwan wanke hannu, aka shigo da nama. Ata ya raba da kansa, kowane baƙo da ƙashin da ya dace da girmansa, ba a yi kuskure ko ɗaya ba. Kan ragon kuwa, an babbake shi an dafa har yana ƙyalli, ya ɗauka da hannu biyu ya ajiye gaban Saginbek. Apa ta saki ajiyar zuciya har na ji ta daga inda nake.

Saginbek ya karɓi wuƙa, kuma ya iya. Ya yanke kunne ya ba 'yar Jenge, ya ce don ta riƙa jin magana. Ya ɓamɓaro ganɗa ya kira ni, ya ce amarya ta ci don hannunta ya iya ɗinki, bakinta ya iya magana. Na karɓa ina jin kunya kamar in nutse. Sannan ya ƙwaƙulo ido ɗaya, ya raba shi biyu a tsanake, ya riƙe rabi, ya miƙa wa Ata rabi a kan tsinin wuƙa.

"Karɓi, Kuda. Mu daɗe muna ganin juna."

Hannuwan Ata suna kan gwiwoyinsa, ba su motsa ba.

"Na ƙoshi," in ji shi.

Jama'a, ido ba abin ƙoshi ba ne, ko yaro ya san wannan. Wanda ya raba ido da kai zumunci ya nema, in ka ci kun ƙulla har kabari, in ka ƙi kuwa gara ka mare shi. Wani kawuna ya hau tarin ƙarya. Apa ta ce, "Baban Kubat," a hankali, irin kiran da ake yi wa mai tafiya a bakin rami.

Saginbek bai sauke hannu ba, ya yi murmushi ya nuna bayansa da kai.

"Ko don wannan na bayan ƙyallen ne? Tun da na shigo na gan shi. Ku buɗe shi ya sha iska, kada ya shaƙe. Zaɓe kwana ɗaya ne, Kuda, zumunci kuwa na har abada."

Mutane suka yi dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ni ma na yi. Ata ne kawai bai yi ba.

"Ba saboda shi na ƙi ka ba," in ji Ata. "Saboda kai na so shi."

Daga nan ya fara magana, muryarsa ba ta tashi ba, idonsa a kan shimfiɗa. Ya ce lokacin sanyin da Kubat ya faɗo daga saman gini a Mosko, masu aikin suka yi ta ɓoye-ɓoye, gawa ta maƙale a ɗakin sanyi, aka ce sai wani babba ya ɗaga waya kafin takardu su fito. Shi kuwa duk zaɓen duniya a kan doki yake bi gida-gida har ƙarshen kwarin nan yana tara wa Saginbek ƙuri'a, don haka bai yi shakkar inda zai je ba. Ya yanka rago, ya ɗauki zuma, ya hau mota zuwa Bishkek. Mai gadi ya karɓi ragon da zumar ya shiga da su, shi kuma aka ce ya jira. Ya yi kwana da kwanaki yana zuwa tun asuba yana tsayawa cikin ƙanƙara. Wata safiya motar Saginbek ta fito, ta tsaya daidai gabansa, gilashi ya sauka.

"Ka dube ni, Saginbek. Na cire hula. Idon nan naka ya sauka a kaina kamar yadda yake sauka a kan turken lantarki, sannan gilashin ya hau."

Ya ce daga ƙarshe leburori da masu shara ne suka haɗa kai a can suka turo Kubat gida, cikin akwatin ƙarfe a liƙe, uwarsa ba ta ga fuskarsa ba.

Na san Ata ya je Bishkek a lokacin, na san ya dawo ya yi wata guda ba ya magana. Amma wallahi ban taɓa sanin ƙofar wa ya tsaya ba. Na dubi Apa, ta rufe fuska da gefen ɗankwali. Ashe ta sani. Ashe duk lallashin da nake yi masa ina cewa mutanen kirki ne, da wannan a cikinsa yake gyaɗa mini kai.

Na juya ga Saginbek. Na zuba masa ido ina jiran ya yi ƙarya, don in samu abin da zan tsane shi da shi.

"Wallahi, Kuda, ban tuna ba. Mutane da yawa ke zuwa ƙofar nan."

Kuma gaskiya ya faɗa, na gani a fuskarsa.

"Na san ba ka tuna ba," in ji Ata. "Da ka tuna ai da sauƙi."

Nan fuskar Saginbek ta canza. Ya yi wa Ata ta'aziyya, ya ce Allah ya jiƙan yaron, in da laifinsa ya ɗauka. Amma ya ce Ata ya sani, mutumin da ya rataya a bango ba mai ceto ba ne. Ɗan ƙanwarsa na kulle saboda rubutu kawai, surukan Direba sun riga sun gina gidajen da suka fi nasa, kuma shi ma yana da ƙofa da mai gadi, in Ata na musu ya je ya tsaya ya gani. Ya ce su aƙalla a zamaninsu mutum na zaginsu ya kwana a gidansa.

"Duk na sani," in ji Ata.

"To don me?"

"Mai garke ba kare mai ladabi yake nema ba. Ranar da na gan ku a talabijin a tsaye gabansa, kanku a sunkuye, hannuwa a baya, ranar abinci ya fara zama a cikina tun rasuwar Kubat."

"Karen da ya gama da kyarkeci, garken yake juyowa."

"Wataƙila. Amma ni kyarkecin ya riga ya ci nawa."

Ku gaya mini, wa zan ba gaskiya? Wannan na magana in ji shi ne mai ita, wancan na amsawa in ji ta koma wurinsa. Ɗaya ɗansa na kabari, ɗaya ɗan ƙanwarsa na kurkuku, ni kuma ina tsakiya da butar shayi a hannu, kunnuwana fayau.

Saginbek ya sauke rabin idon a bakin faranti, ya ajiye nasa rabin kusa da shi, ya goge wuƙa. Ya ce shi bai zo da faɗa ba, amma gidan da aka ƙi cin ido da kai ba a barin 'yan kunne a cikinsa. Ya dubi matarsa ya ce ta rufe jakarta. Na ji ƙarar zip ɗin har cikin ƙashina. Wayata ta motsa a aljihun 'yar shara, na leƙa ta ƙasan hannu. Tilek ne: "Ina ji daga taga. Begimai, don Allah." Don Allah me? Shi da yake namiji yana waje, ni zan yi me?

Sai Ata ya juyo ya dube ni, karo na farko tun da aka shigo da nama.

"'Yata, ke ce mai zama da su. In kin ce in ci, zan ci."

Kuma zai ci ɗin. Na ga ya riga ya fara ɗago hannunsa daga kan gwiwa. Mutumin da ya yanka musu rago, ya ba su kai, ya yi dariya da su, duk saboda ni, abu ɗaya tak ya rage masa wanda bai bayar ba, shi ne kuma yake miƙo mini. In na ce ya ci, na sake tsayar da shi a ƙofar nan da hula a hannu. In na yi shiru, Tilek ya tafi.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ajiye buta, na ja gwiwa na ratsa gefen shimfiɗa har gaban manya, inda mace irina ba ta zuwa, na sa yatsu na ɗauki rabin idon.

"Ata ya ƙoshi," na ce. "Ni ce zan riƙa ganinku kullum, ni ya kamata in ci."

Na jefa a baki. Ya riga ya huce, ga santsi ga kitse, ya tsaya mini a maƙogwaro har hawaye suka fito, na dage na haɗiye. Ban taɓa jin an ce mace ta yi haka ba, balle wadda ake nema. Na durƙusa a wurin ina jiran sama ta faɗo.

Wata tsohuwa cikin dangin Tilek ce ta fara dariya, tana tafa cinya. Saginbek ya dube ni, sannan ya ɗauki nasa rabin ya ci. Ya ce da yana da irina biyu a majalisa da ba a kai ga Direba ba. Burul ta buɗe jaka tun bai gama rufe baki ba, ta jawo ni jikinta ta saka mini 'yan kunnen, na zinare masu jan dutse, ta yafa mini farin ɗankwali, ta sumbaci kumatuna biyu. Jenge na bayana tana kuka tana mintsinina. Wayata sai motsi take yi, na san Tilek ne, ban ko duba ba. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a raina na yi dabara, Ata bai sunkuya ba, Tilek bai tafi ba, kowa ya tsira.

Aka ci taliya da yankakken nama, aka sha romo. Da aka zo addu'ar tashi Ata ya ɗaga hannu ya yi ta gajeriya, ya roƙa wa yaran zaman lafiya, aka shafa. Bai dubi inda nake ba, na ce gajiya ce.

Apa da Jenge suka hau ƙulla wa baƙi sauran rabonsu a leda, kowa da ƙashinsa da borsok da alewa, yadda aka saba. Sai na ga Ata ya durƙusa kusa da su, shi da bai taɓa sa hannu a wannan aikin ba. Ya ɗauki leda, ya zaɓi tsoka mai kyau, ya ƙara da kitse, ya cika da borsok, ya ɗaure da kansa. Muka raka baƙi har waje, kowa ya karɓi tasa ya shiga mota, leda ɗaya ta rage a hannun Ata. Na ɗauka an manta da wani ne, har na juya ina neman ko waye.

Ni ya nufo. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ɗan rusuna, yadda ya yi wa Burul.

"Karɓi. A gidan nan baƙo ba ya fita hannu sake."

"Ata, ni ce fa. Ba yau zan tafi ba."

"Na sani, 'yata. Ban ce kin yi laifi ba. Amma kin ci ido da su."

Ya juya ya shiga gida. Bai rufe ƙofar ba, bai kuma ce in shigo ba. Naman da ɗuminsa, ina jin sa a tafin hannuna ta cikin leda. Can gefen motoci Tilek na ɗago mini hannu yana dariya, yau ko bakinsa bai kare ba, bai san abin da aka ba ni ba. Ni dai ina tsaye a tsakanin motar da ƙofar, ban san wace ƙafa zan fara ɗagawa ba.